Injin da na shigar ɗaki don kunyar masallaci

Na daɗe ban taɓa maganar nan ba. Jiya na ga maƙwabci yana tura janareta cikin zaure, sai na ce shirun ya isa.

A shekarun farko na shari'ar Musulunci ina aikin jarida daga Ƙaura Namoda. Gidana bango ɗaya da masallaci. Lokacin masallatai sun cika, bayan Magariba ana karatu. Wutar gari ba tabbas, na sayi ƙaramin janareta, amma ƙararsa tana danne muryar malam.

Ba wanda ya yi ƙorafi. Kunya ce ta sa na shigar da shi ɗakin ajiya, wanda ƙofarsa ke kallon teburina.

Ciwon kai ya fara. Sai jiri, sai tashin zuciya.

Aka yi maganin zazzaɓin cizon sauro, aka yi na taifot. Aka ɗebi jini har jijiya ta ɓuya. Babur ɗina ya tafi a gwaje-gwaje.

Abin da ya fi ba ni tsoro mantuwa ce. Ni da nake gyara rubutun wasu, sai in fara jimla in rasa inda ta dosa. Wata rana na kalli 'yata, sunanta ya ƙi zuwa.

Na tafi ƙauyenmu Katuru wajen Inna. Cikin 'yan kwanaki na warware. Na dawo Ƙaura, ciwo ya dawo.

Ranar da na faɗi a kan teburi, masu karatun nan ne suka ɗauke ni zuwa asibiti. Da na farfaɗo, likita ta tambaye ni abin da ba wanda ya tambaya: "Malam, a ina kake samun sauƙi?"

Na ce Katuru.

"Me ke gidanka wanda babu shi can?"

Na ce janareta. Ta ce injin na fitar da wata iska marar wari, marar launi, mai ƙwace gurbin oksijin a jini. Aka ɗaura min abin shaƙar iska. Ina kwance ina jin hankalina yana dawowa kamar ruwa a rijiyar da aka yashe. Iskar da nake shaƙa tun haihuwa, sai ranar na san kyauta ce. Subhanallah.

Inna ta zo dubiya, tana tarin nan nata na hayaƙin murhu. Na sha yin rubutu a jarida kan yadda itacen girki ke cinye dajin Zurmi, ta kuma sani. Ta ce, "Kai ɗan nan, namu hayaƙi dai muna ganinai."

Gaskiya ce, amma nata ma bai bar ƙirjinta ba. Kowace wuta da abin da take ci: ice na cin daji da huhu, fetur na cin iska, ko solar da nake amfani da ita yanzu tana barin matattun batura.

Na gode wa Allah, da likitar, da mutanen masallaci.

Ku ajiye janareta a fili, nesa da taga. In ciwon kai yana sakinku da kun bar gida, ku faɗa wa likita.

Da limamin masallacin ya ji dalilin shigar da injin ɗaki, sai ya riƙe baki. "Ashe don mu? Fito da shi waje, Malam. Ni zan ɗaga murya."