Saiwoyin da Mama ta tono a kan dutse

Mama ta zo mini ziyara garin Greensboro a Amurka, kuma a wata na uku zaman gida ya ishe ta. A garinmu ita ke haɗa wa mutane maganin shawara, ba ta wuce tsiro ba ta murza ganyensa ta shinshina ba. Wata Asabar da ba ni da aiki na ɗauke ta a mota muka nufi duwatsun yamma, wani gandun daji da aka keɓe wa namun dawa.

Can sama gajimare ya sauko har kan hanya. A mashiga akwai allon dokoki. Na karanta mata gargaɗi kan beyar, wata dabbar daji mai haɗari, sauran ban duba ba. Muna cikin tafiya na tsaya ɗaukar hoton wasu bareyi masu girman saniya, ita kuma ta ɗan ratse gefe. Ban kawo komai a raina ba.

Da muka dawo wurin fakin, wata ma'aikaciyar gandun mai koren kaya, da bindiga a ƙugu, ta tare mu. Hannun Mama take kallo, duk laka, da ƙullin da ke bakin mayafinta. Ta ce a kwance. Saiwoyi biyu ne farare, da ganyensu.

Ta ce tono su laifi ne babba. Masu sayarwa sun kusa ƙarar da su a dutsen, ga shi tsiron sai ya shekara da yawa kafin ya yi 'ya'yan da tsuntsaye ke ci. Sai ta nemi fasfo ɗin Mama.

Bizar ziyara ce da Mama, kuma a satin na tura takardar neman ƙarin lokaci. Na miƙa mata fasfo ɗin. Matar ta koma motarta tana magana a rediyo, ta bar mu tsaye cikin sanyi.

"Me take cewa?" Mama ta tambaye ni.

"Mama, don Allah ki yi shiru."

"Kama ni za ta yi?"

Na zuba wa motar matar ido.

Da matar ta dawo ta tambaya ko sayarwa za mu yi. Na fassara.

"Gaya mata bakwai na gani a wurin," in ji Mama. "Biyu na cira, ban taɓa uwarsu ba. Ban ma san sunansa ba, ƙamshin ne ya yi mini kama da wani namu."

Na faɗa wa ma'aikaciyar kalma bayan kalma. Ta daɗe tana juya fasfo ɗin a hannunta, sannan ta ce mu kai ta wurin.

Muka sake hawa, Mama a gaba tana haki. Tsirrai biyar ɗin suna nan, har an tura musu ƙasa a gindi. Matar ta durƙusa ta ƙirga, ta miƙa wa Mama saiwoyin. Mama ta mayar da su ramukansu, ta danne da tafin hannu, ta rufe da busassun ganye.

Takardar gargaɗi ma'aikaciyar ta rubuta mana, ba tara. Na tuƙa har gindin dutsen kafin na tsaya a wani gidan mai. Mama ta nemi ruwa, ta wanke hannu ta yi alwala, muka yi la'asar a gefen mota.