Da Sauƙin Bakin Kwalbati

Shekarar da ruwa ya cinye kwalbatin hanyar garinmu, Inna tana kwance. Ni ina aure a Kura, ita tana ƙauyenmu can bayan Bunkure, a gidan Yaya, babban wanmu. Ciwon ba sabo ba ne, ƙafa ce ke kumbura, numfashi yana yi mata wuya. Kullum da hantsi nakan kira matar Yaya, ta kara wa Inna waya a kunne, in yi mata ya jiki, ta ce da sauƙi. Kowa haka yake cewa, ko da yana gargara. Amma ni na iya auna da sauƙin Inna. In ta ja shi, ta bi shi da faɗan ban aiko mata da goro ba, na san ta sha kokonta. In ta yanke shi gajere, sai in yafa mayafi in nemi mota.

Da marka ta kankama aka yi ta tsuga ruwa ba ƙaƙƙautawa. Kanal ɗin ban ruwa ya cika ya tumbatsa, ya shiga shinkafar mutane ya kwantar da ita, kwalbati ya tafi ya bar rami mai ambaliya a tsakiyar hanya. Sai sabis ya ɗauke. Wasu suka ce ruwa ne ya shiga injin ƙarfen sabis, wasu suka rantse yankewa aka yi daga sama, kamar yadda aka taɓa yi wa wasu jihohi. Babu wanda ya zo ya yi mana bayani. Na hau turmi, na hau buhunan shinkafa, ina ɗaga waya sama har hannuna ya yi tsami, ko ɗigo babu.

Manoman rani ne suka samo dabara. Dama sun saba ƙwala wa juna kira daga wannan gona zuwa waccan in za a buɗe ƙofar ruwa, saboda haka akwai masu maƙogwaro a cikinsu. Bayan la'asar sai jama'a su taru a bakin ramin, mu a nan, su a can. Ka faɗa wa mai kira saƙonka, ya dafe kunne ya ƙwala, na tsallake ya karɓa ya isar. Amsa ma ta haka take dawowa. Ba a jima ba mutane suka sa wa wurin suna sabis, ka ji mace tana ce wa maƙwabciyarta za ta sabis ta dawo. A nan aka ɗaga biki, aka nemi akuyar da ta ɓata, aka tambayi wanda gininsa ya zube da wanda ya tsaya. Ba zan raina aikin mutanen nan ba, sun riƙe garuruwa da muryarsu har ta dishe. Illarsa ɗaya, duk abin da aka faɗa kowa ya ji.

Kullum sai na je. Yaya yakan zo ya tsaya a tsallake, ina hango hularsa, ƙugin ruwa ba ya bari in ji shi. Sai in ce a tambayo jikin Inna, a ƙwala, a jira, mai kiranmu ya juyo ya ce an ce da sauƙi. Wani ƙaton mutum ne mai murya kamar ganga, yadda yake faɗin kuɗin taki haka yake faɗin da sauƙi. Na jiya da na yau duk tsawonsu ɗaya. In ce a tambayo ko ta ci abinci, a ce da sauƙi. In ce ƙafar fa, a ce da sauƙi. Wata rana raina ya ɓaci, na ce masa ya gaya wa Yaya ni ba baƙuwa ba ce, a faɗa mini gaskiya.

Ya share gumi ya ce, “Hajiya, a gaban jama'ar nan? Wa zai ƙwala ciwon uwarsa a bakin hanya? Abin da aka ba ni shi nake ba ki.”

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta ƙara ba ni haushi. Akwai wata hanya ta zagaye, ta kan gaɓar kanal, amma duk taɓo ce, an ce babura suna zamewa cikin ruwa. Maigidana ya ce tunda ana cewa da sauƙi in dakata ƙasa ta sha iska. Na dakata. Na gaji da tafiya, na gaji da tsayuwa cikin laka, na gaji da kalmar nan har ba na son jin ta a bakin kowa.

Ranar da saƙon ya sauya, mai kiran bai juyo daga inda yake ba. Takowa ya yi har gabana, ya rage murya.

“An ce ki zagayo ta bakin kanal, Inna na son ganinki.”

Wata tsohuwa da ban sani ba ta karɓi jakata ta riƙe mini hannu. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ake nufi in an ce mara lafiya na son ganinka. Wani ɗan acaɓa ya ɗauke ni, rabin hanya muna kan babur, rabi muna tura shi. Na isa na tarar da tabarmi a ƙofar gida. Tun da safe aka kai ta. Yaya ya kasa haɗa ido da ni, ya ce bakinsa ne ya ƙi faɗa ta tsallaken ruwa. Ban yi masa faɗa ba, ƙarfin faɗan ma babu.

Muna cikin zaman makoki sabis ya dawo. Wayoyin mata suka ɗauki ƙara a ɗaki gaba ɗaya, kowa na laluben jaka. Tawa ma ta yi motsi. Saƙon murya ne daga matar Yaya, wanda ta ɗauka tun ranar da kwalbati ya tafi, ya maƙale a wayarta sai yanzu ya samu hanya. Na fita bayan rumbu na kara a kunne.

“Da sauƙi. Kada ki taso, ruwa ya yi yawa.”

Muryar Inna ce. Gajere ne, babu zancen goro.