Gurasar Da Timareta Ta Kai Haikali

Timareta 'yar maginin tukwane ce, a wani ƙaramin birni na bakin teku, tafiyar kwana biyu daga Atina, a ƙasar Girka ta dā. Tana da shekara goma sha ɗaya annoba ta ɗauke uwarsu, ta bar mata jariri a hannu, ƙanenta Nikandiro. Ita ta goya shi, ta raine shi da nonon akuya, kuma ko da ta yi aure ba ta yarda an raba su ba. Mijinta Filota mutum ne mai sanyin hali, sana'arsa ɗinka fuskokin da 'yan wasa ke sawa a bikin gunkinsu Diyonisu. Ita kuwa gurasar sha'ir da zuma take gasawa, irin wadda mata ke kaiwa haikalin Demita, allahiyar hatsi. 'Ya'yansu biyu, duka mata.

Nikandiro ya tashi da tuƙin kwalekwale da taurin kai. A shekarar da majalisar gari ta koma hannun wasu sababbi, suka shiga farautar mutanen da suka gada. Wani tsoho da ake nema ya roƙe shi, shi kuwa ya haye da shi tsibiri da rana tsaka. Majalisa ta yanke masa hukuncin kisa. Kafin a zo kama shi ya sheƙa haikalin Demita, ya zauna a gindin bagadi, inda ake ajiye hadaya, riƙe da reshen zaitun. Wanda ya yi haka ya zama amanar alloli, babu mai jan sa waje.

Majalisa ba ta ja shi ba. Ta sa masu gadi a ƙofa, ta sa mai shela ya zaga kasuwa cewa duk wanda ya miƙa masa abinci ko ruwa, za a kore shi daga gari har da iyalinsa.

Kwana biyu Timareta ba ta hura wuta ba. In ta kai loma baki sai ta tuna, ta mayar. Matan da ke dawowa daga haikali suna ba ta labari a rijiya, murya ƙasa-ƙasa: ƙanen nata yana lasar raɓar da ke kan dutse, leɓunansa sun tsage, ya daina amsa gaisuwa. Filota ya yi ta ba ta baki. Ya ce shi ma ƙanensa ne, amma ta dubi 'yan matan nan, wa zai aure su a ƙasar da ba su da kowa? Ta ce ta duba. Ta ce in yaron ya mutu tana da hatsi a tulu, da wace fuska za ta tarar da uwarsu a lahira?

Ran na uku da hantsi ta gasa gurasa bakwai, ta cika buta da ruwa da ɗan zuma, ta ɗora kwando a ka. Filota ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ta, allura a hannu, har ta wuce. Hanyar haikali gajera ce, nan da nan ta isa ƙofa.

Shugaban masu gadin ɗan unguwarsu ne, tun yana yaro yake cin ƙanzon gurasarta. Ya gitta mashi.

"Uwar gida, kin ji shela ko kunnen ya toshe?"

"Na ji. Hadaya na kawo wa Demita, kamar kullum. Ko ita ma an hana ta ci?"

Ya duba kwandon, ya duba abokansa. Hana hadaya ba ya cikin umarnin da aka ba shi, kuma ba shi da niyyar ɗaukar wa gonar ubansa fushin mai ba da hatsi. Ya janye mashin, ya ce ta yi sauri, kuma idonsa na kanta.

Ta tarar da Nikandiro a gindin bagadi. Ya rame, idanu sun faɗa. Ya motsa baki ya ce, "Yaya, koma gida." Ba ta dube shi ba. Ta jera gurasar a kan bagadi, ta ajiye butar daidai inda hannunsa zai kai, ta ɗaga hannuwa ta yi addu'arta da ƙarfi yadda na ƙofa za su ji: ga naki, Uwar hatsi, ki ci, ki ba wanda kika ga dama. Ta fita tana jin ƙarar haɗiyar ruwa a bayanta.

Ta koma washegari, ta sake komawa ran na biyar. Duk takun da ta ji a lungu sai ta ɗauka ita aka zo kamawa, har ta ƙulle kayan yara a tsumma ta ajiye bayan ƙofa. Ran na shida aka kira Filota gaban majalisa, don mace ba ta magana a wurin. Mutumin da ko ciniki ba ya iya ja, ya tsaya ya ce matarsa ba ta miƙa wa kowa komai ba, abin da ya hau bagadi kuma ya fita daga hannun mutum. Wasu suka ce wayo ne, a kore su. Tsohuwar da ke kula da haikali ta aiko da saƙo cewa in gawa ta faɗi a ɗakin Demita saura kwana kaɗan biki, su nemi wanda zai tsarkake garin, ban da ita.

Aka yi ta ja har la'asar. A ƙarshe aka mayar da kisan kora ta har abada. Masu gadi suka raka Nikandiro bakin ruwa, ba a bar Timareta ta matsa kusa ba, daga kan tudu ta hango shi ana tallabe shi.

Ba a kore su ba, amma an karɓe wa Filota aikin fuskoki, ya koma gyaran tarun masunta, maƙwabta da yawa kuma suka daina sayen gurasarta. Ta rayu shekara ashirin bayan haka. Duk jirgin da ya shigo sai ta gangara ta tambayi labarin ƙanenta. Sau ɗaya wani matuƙi ya ce ya ga mai irin sunan a tsibirin Samos, da mata da ɗa, yana sayar da kifi. Ta tambaye shi ko mutumin yana da ƙiba. Ya ce bai lura ba.