Ƙwaryar da Kaka Ba Ta Rufe Ba

Kakata ba ta fara tatsuniya sai ta buɗe ƙwarya. Wata tsohuwar ƙwarya ce mai ɗinki a gefe, babu komai a cikinta, tana zaune a kan ragaya a madafa, an rufe ta da faifai. Kaka ta ce a nan tatsuniyoyi suke kwana.

A Paraku aka haife ni, amma duk hutun lakwal, wato makaranta, na damina mahaifina yakan sa ni a mota zuwa Jugu, gidan da ya tashi. Gidan fatake ne tun asali. Kakannin kakanninmu da jakuna suka zo, suna kai da kawowa a hanyar goro ta Gwanja, har wata rana suka sauke kaya a nan ba su sake ɗaurawa ba. Sunan Kaka aka sa mini, don haka ba ta kirana da komai sai Takwara.

Idan an ci tuwo bayan magariba, ruwa yana kaɗa rufin kwano, mukan matsa kusa da murhu, ni da Rabi 'yar kawuna da sauran yaran gida. Kaka takan tura ɓarin doya cikin toka mai zafi, ta sauko da ƙwaryar, ta ɗaga faifan kaɗan ta leƙa.

"Wacce ce a farke a cikinku? Fito mana, ga baƙuwar Paraku ta zo da kunnuwanta biyu."

In ta gama kuma sai ta mayar da faifan, ta danna shi da tafin hannu, ta ce, "Koma ki kwanta, kada gari ya waye miki a waje." Dokokinta biyu ne. Ba a yin tatsuniya da rana, domin mai yi yakan ɓata a hanya, gidan matafiya kuwa ba ya wasa da ɓata. Kuma ba a barin ƙwarya a buɗe.

Wadda na fi so ita ce ta matar madugu. Mijinta ya ja ayari zuwa Gwanja, ita kuma kowace yamma tana tsayawa a ƙofar gari ta rera waƙa, saboda jakunan ayarin sun san muryarta, ita suke bi su dawo gida. A nan Kaka takan lumshe ido, muryarta ta sirance:

Ku biyo murya, mutan hanya,
Tuwo ya huce, wuta na barci,
Ku biyo murya.

Wani ɗan tsuntsu a kan rimi ya ji waƙar ta yi masa daɗi. Ba da mugunta ba, ya koya wa ɗan'uwansa, shi ma ya koya wa wani. Kafin wata ya mutu duk dajin ya ɗauka, gabas da yamma. Jakuna suka iso mararraba suka tsaya suna juya kunnuwa, kowace kusurwa tana kiransu gida. Ayari ya ɓata. Sai 'yar matar ta ƙulle gero a bakin zane, ta bi daji itace bayan itace, tana roƙon kowane tsuntsu ya yi shiru na yamma ɗaya tak. Suka yi shiru. Uwar ta rera ita kaɗai, ayari ya shigo gari ana kiran salla.

Na taɓa tambayarta, bakina cike da doya, "Kaka, duka suka yarda? Ko ɗaya bai ƙi ba?"

"Ko ɗaya. Tsuntsayen wancan zamani suna da kunya, ba irin naku na Paraku ba."

Na girma, na shiga jami'a, na sami waya. Ba zan ɓoye ba, ina son abin da ke cikinta. Ni da Rabi, wadda aure ya kai Kwatano, ba ma wuni ba mu tura wa juna sabuwar waƙa ko ɗan gajeren fim na ban dariya ba. Da haka muke gaisawa. In ta turo mini waƙar kewa, na san garin ya yi mata faɗi ranar.

Wani hutu na je Jugu na tarar yaran gida sun daina zama a madafa, suna can zaure inda rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi ƙarfi. Na roƙi Kaka ta yi mini ta matar madugu. Ta yi murna, ta ɗaga faifai. Ni kuwa na jingina wayata da tukunya, na lulluɓe rabinta da mayafi, na ɗauki bidiyonta ba ta sani ba. Na gaya wa kaina don ajiya nake yi. Amma da na kalla washegari, na ga hasken wuta yana wasa a kumatunta, sai na kasa riƙe kyawun abin ni kaɗai. Na yanke wurin waƙar, ba farko ba ƙarshe, na tura wa Rabi, na rubuta, ke kaɗai. Rabi ta yi kuka, ta saka a zauren dangi na waya don su ma su gani. Daga nan babu wanda ya san hanyar da ta bi.

Bayan makonni ina kan zem, moton haya da wasu ke ce wa acaɓa, a bakin kasuwar Arzeke ta Paraku, rana tsaka, sai wani kiɗa ya taso daga rumfar mai gyaran waya. Kiɗa ne mai daɗi. Ƙafata ta fara motsi kafin kunnena ya gane muryar. An ƙara mata sauri, an ɗora mata ganga, ana ta maimaita tuwo ya huce, tuwo ya huce. Da na duba a wayata na ga samari sun ɗaura zane suna rawa da muciya, wai mata ne masu jiran miji, na ga 'yan mata a gidan kitso, na ga har mutanen da ba sa jin Hausa suna motsa baki. A wasu an bar fuskar Kaka a kusurwa.

Ranar Asabar na tafi Jugu, ina ta shirya yadda zan faɗa mata. Ashe ta riga ni. An kai ta suna a ƙauyen Seru, da hantsi, 'yan mata suka kunna waya suna rawa, ɗaya ta dube ta ta ce, ai ga mai tuwo ya huce nan. Mata suka yi ta dariya, wasu suna neman a ɗauke su hoto da ita.

Na same ta a madafa tana tsince shinkafa. Na durƙusa a gabanta.

"Takwara, ashe ke ce ɗan tsuntsun."

"Kaka, ki yafe mini. Ban san za su yi miki dariya ba."

"Dariya? Ni da haƙorana huɗu, wace dariya ce ban sha ba? Ki tambayi kawunki, kullum sai ya tsokane ni." Ta ture tiren gefe. "Da rana tsaka suke yin ta, yarinya. A kan moto, a kan hanya. Kuma ba a rufe ta ba. Na ɗauka na mayar da ita daren nan, ashe faifai na danna a kan iska."

Na fito da wayar, na nuna mata, na goge komai a gabanta, guntun da cikakkiyar tatsuniyar duka. Na ce, "Kin gani, ta fita."

"Ta fita ta je ina?"

Na kife wayar a cinyata, ita kuwa ta jawo tirenta.

"To je ki dawo da ita in rufe. Ba na sakin wata alhali ɗaya tana waje."

Na gwada, Allah ya sani. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina rubuta musu, da Hausa da Faransanci, cewa wannan kakata ce, tana da rai, ba ta so. Yawanci ba su amsa ba. Wata yarinya ta ba ni haƙuri ta cire nata, kafin yamma na ga sababbi da ban iya ƙirgawa ba. Wanda nake zaton shi ya ɗora kiɗan ya amsa mini da ladabi, ya ce waƙar gargajiya ce, ta kowa ce, ya kamata ma mu yi alfahari. Na daɗe ina kallon saƙonsa. Ban san yadda zan bayyana wa baƙo zancen ƙwarya da faifai ba.

Duk zuwan da na yi bayan nan, Kaka takan tarbe ni da fara'a, ta gasa mini doya, ta tsokane ni a kan rashin ƙiba. Ba ta sake tayar da maganar ba, sai dai in zan tafi ta tambaya a hankali, "Waƙar ta gaji da yawo kuwa?" In ce tukuna. Ƙwaryar tana kan ragaya a buɗe, faifan yana jingine da bango. Haka damina ta zagayo ta same su, a cikinta Kaka ta rasu.

Ina yarinya na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne haƙurin 'yar da ta bi daji. Yanzu na fi tuna ɗan tsuntsun, wanda bai yi komai ba face jin daɗin abu da son wani ma ya ji. Ban iya tsanarsa ba, kamar yadda ban iya tsanar Rabi ba, ko masu rawa da muciya. Sai dai shi an same shi a kan reshe an roƙe shi. Nawa dajin ba shi da iyaka, ba ni kuma da geron da zai isa.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne wannan. Tunda na goge tawa, Rabi da dangi ma suka goge nasu, muryar Kaka ba ta rage a ko'ina ba sai a cikin wancan kiɗan. Mutane sun daɗe da komawa kan wata waƙar, ta gaji kamar yadda Kaka ta yi fata, amma ba ta dawo ba. Idan kewa ta yi mini yawa nakan jira magariba ta wuce, in nemo ta, in rage sauti, in kasa kunne ta ƙarƙashin gangar, inda wata tsohuwa take kiran mutan hanya. In ta ƙare sai in kife wayar, in danna ta da tafin hannu, in ce mata ta koma ta kwanta. Na san ba ta jin maganata.