Taliyar Iya Yalwa da Cukun Gaishatu

A shekarar da damina ta yi mana gardama karo na biyu a jere, ina 'yar shekara tara. Muna zaune a wani ƙauye tsakanin Bagwai da Bici, inda gona ke manne da gona. Geron da aka samu bai kai mu tsakiyar rani ba, sai Babanmu ya tafi yankan alkama a gonakin rani na Bagwai, aka riƙa sallamarsa da alkamar. Shi ya sa shekarar da manya suke kira shekarar wuya, mu yara muka sa mata suna shekarar taliya.

Kakarmu, Iya Yalwa, ita ce gwanar taliya 'yar murji. Da an idar da sallar magariba sai ta hura wuta a ƙofar ɗakinta, ta ajiye ƙwaryar kwaɓaɓɓen gari da faifai biyu. Ni da yayata Ladi mu zauna, kowa ya gutsiri kwaɓin yana murzawa tsakanin yatsu, 'yan sililin suna zuba a faifai. Ladanmu tatsuniya ce, amma da sharaɗi. "Hannu ya tsaya, baki ya tsaya," in ji Iya. Kuma da gaske take. Ta sha barin mutum a bakin rijiya da kura a bayansa, don kawai Ladi ta saki baki ta daina murji.

Abu ɗaya ne ya rage wa taliyar daɗi: babu mai. Gyaɗa ta mutu a gona, manja kuwa sai dai ka ji ƙanshinsa a kasuwa. Gaya muke cin ta, da gishiri da ɗan yaji.

A wannan ranin ne Gaishatu ta sauka a gidanmu. Buzuwa ce daga arewa, fari ya ƙarar da dabbobinsu. Mijinta ya wuce Kano neman aikin gadi, Baba ya ba ta bukkar bayan gida ita da 'yarta Tamu, tsarata. Gaishatu doguwa ce, mai ƙarancin magana. Kullum da yamma takan zo ta taya mu murji, amma da ta ga an ɗora tukunya sai ta miƙe, ta kama hannun Tamu, ta ce, "Alhamdu lillahi, mun ci." Sau biyu Iya tana aika mata da kwano, sau biyu yana dawowa a rufe yadda ya tafi. Ga shi kwana biyu ba a ga hayaƙi a bukkarta ba.

Tamu ce ta gaya mini a wurin ɗiban ruwa cewa uwarta tana da cuku a jakar fata, na ƙarshe daga nonon awakinsu. Kowace safiya takan ɓantaro mata kamar farce ta tsotsa. Na kai wa Iya labari. Na ga ta daɗe tana kaɗa kai.

Da yammar nan, bayan Gaishatu da Tamu sun zauna, Iya ta gyara itace ta ce, "To, ku miƙo kunnuwa, yatsu su ci gaba da aikinsu."

Wai a wata shekarar yunwa, mata biyu matafiya suka haɗu a gindin tsamiya, ɗaya daga kudu, ɗaya daga arewa. Ta kudu tana da taliya a ƙulle a gefen zane, amma ba mai, ba miya, tana jin kunyar a ga abincinta tsirara. Ta arewa tana da cuku mai tauri kamar dutse, ba ta da abin haɗa shi, ita ma tana jin kunya. Ta kudu ta ce, "Ni yanzu na tashi daga kan tuwon shinkafa." Ta arewa ta ce, "Ni kuwa rago aka yanka mini." Suka zauna kowacce tana sakace haƙori da tsinke.

Can sai cikin ta kudu ya yi ƙugi. Nan Iya ta shaƙe murya ta ce, "Ƙururu, sallamu alaikum, maƙwabci." Sai ta sake murya, siririya, wai ta cikin ta arewa, "Ƙiriri, amin alaikumus salam. Ina gajiya?" "Gajiya da sauƙi, ai kwana uku ban yi aikin komai ba." "Haba, ba shinkafa aka ce ka ci ba?" "Rabona da shinkafa tun bikin yayarta. Kai ina ragon?" "Ko wutsiyarsa ban gani ba."

Ladi ta faɗi a kan tabarma tana dariya, ranar kuwa Iya ba ta tsayar da baki ba. Ta ce cikunan nan suka ci gaba da tona asiri, wannan ya faɗi abin da ke gefen zane, wancan ya faɗi abin da ke jaka, har matan suka rasa inda za su sa fuska. Daga ƙarshe ta kudu ta ce, "'Yar'uwa, tunda cikunanmu sun riga mu sasantawa, ɗauko duwatsu uku." Suka dafa, suka haɗa, suka ci. Wai har yau in ka ji cikinka yana ƙugi a cikin mutane, gaisawa yake da 'yan'uwansa.

"Iyakarta ke nan," in ji Iya. "Wanda ya ce ƙarya ce, a tambayi cikinsa."

Wurin ya yi shiru. A cikin shirun nan ne cikin Tamu ya yi ƙara, doguwa, har da lanƙwasa a ƙarshe. Na ji tsoro, don na ɗauka uwarta za ta ja ta su tafi, ba za su ƙara zuwa ba. Gaishatu ta ja mayafi ta rufe bakinta, kafaɗunta suna rawa. Dariya take yi. Ban taɓa ganin haƙoranta ba sai ranar.

Iya ta dube ta ta ce, "'Yar nan, wata guda ke nan ina cin taliya gaya, har maƙogwarona ya gaji. In kina da abin da zai rufa mata asiri, ki taimaki tsohuwa."

Gaishatu ta tashi ta nufi bukkarta. Jim kaɗan ta dawo da cuku biyu, fararen faya-faye masu zanen tabarma a jiki. Ita ta nuna mana yadda ake yi. Ta ɗan gasa su a garwashi har ƙanshi ya tashi, ta daka a turmi suka zama gari, ta dama da ruwan da aka tsame taliyar, ya yi kauri. Da aka juye a kan taliya mai zafi sai ya kama kowane silili, ya yi maiƙo, kamar an zuba man shanu.

Nan fa gardama ta tashi. Iya ta ce sai da yaji, Gaishatu ta ce yaji ɓata cuku yake yi, su ko gishiri ba sa ƙarawa. Ladi ta yanka ɗanyar albasa a nata. Ni na roƙi ƙanzon gindin tukunya, inda cukun ya ƙone ya yi ja. Baba da aka kai masa nasa zaure, ya aiko a ƙara masa daddawa, Iya ta ce a gaya masa ɗanta ne amma bai san abinci ba. Tamu ba ta shiga gardamar kowa ba, kanta na cikin kwano.

Cukun bai wuce mako biyu ba ya ƙare, amma daga ranar tukunyarmu ɗaya da su, har mijin Gaishatu ya zo ya tafi da su Kano da faɗuwar ruwa.

Yanzu ina aure a Bici, makaroni na leda nake dafa wa yarana. In na samu cuku a kasuwa nakan daka musu yadda na gani, wannan ya ce a fasa masa ƙwai, waccan ta ce sai da attaruhu da kifin gwangwani. Ni dai ƙanzona nake jira. Na tambayi tsofaffi da yawa tatsuniyar cikunan nan biyu, ban sami wanda ya taɓa jin ta ba. Ina kyautata zaton a ranar Iya ta ƙirƙire ta, saboda mutum ɗaya.

Na daɗe ina ɗauka darasinta shi ne kada kunya ta hana ka cin abinci. Sai da maigidana ya yi wata bakwai a kwance, gidan ya bushe, ni ma na koyi cewa "mun ci" ina murmushi. Wata rana maƙwabciyata, Hajiya Binta, ta shigo da kwanon shinkafa da wake a hannu, ta ce ita fa girkinta ya lalace don ba albasa, ko zan taimaka mata da guda ɗaya, in ɗanɗana mata wannan in ji. Jiya-jiya na ga an sauke mata buhun albasa a ƙofar gida. Na gane cewa bayarwa ba ta da wuya kamar a bar wa wanda ake ba wa hanyar da shi ma zai miƙo wani abu. Na shiga na zaɓo mata albasa mafi girma a cikin ukun da suka rage mini, na karɓi kwanon da hannu biyu.