Horon da Aka Aiko Wa Wakilai

Ana sallame sallar asuba muka bar Gusau, mu uku a mota: ni, da direba, da abokin aikina mai riƙe da takardun sunaye. Bayan motar cike yake da hulunan kwano da takalman aiki, da wani buhu na ƙananan kwaɗuna, kowane da mabuɗinsa guda ɗaya tak. Ga waɗanda ba su san sana'ata ba, ni mai koyar da kiyaye haɗari ne a masana'antu. Wani ɗan kwangila mai kai leburori aiki a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi shi ya ɗauko mu, domin masu kamfanonin sun ce daga yanzu ba leburan da zai taɓa inji sai da takardar shaidar horo.

Hanyar Ƙaura dai kun san ta. Gero ya yi tsawo hagu da dama har ba ka hangen komai a bayansa, kuma wannan kyan nasa shi ke sa hira ta mutu a cikin mota. Direbanmu, wanda a gari ba ya barin kowa ya yi magana, sai ga shi ya koma jan carbi. Shingayen jami'an tsaro kuwa na daina ƙirgawa. Mun isa da hantsi, muka karya da waina da miyar taushe kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Wainar ta yi daɗi, amma ta ƙanƙance ƙwarai, guda uku na naira ɗari biyar. Mai wainar ta ce in tambayi masu sayar da shinkafa, kada in tambaye ta.

A kamfanin matsar man gyaɗa aka ba mu ɗaki, ya cika maƙil. Na yi bayanin hula da takalmi, da haɗarin babbar riga kusa da bel ɗin inji, sannan na zo kan abin da ya fi komai: kafin ka sa hannu cikin inji, ka kashe wuta, ka garƙame akwatin makunni da kwaɗonka, ka jefa mabuɗin a aljihunka. Aljihunka kai, ba na wani ba. Akwai wani dattijo a sahun gaba, farin gemu, wankakkiyar riga, yana gyaɗa kai ga kowace kalma. Har na ce a raina, da duk leburori haka suke da na huta.

Wajen rabon kaya ne abin ya fashe. Abokin aikina ya kira suna, dattijon ya miƙe. Abokin nawa ya dubi hoton da ke takarda, ya dubi dattijo.

"Baba, ai wannan hoton ba naka ba ne."

"Awo," in ji dattijon, hankalinsa kwance. "Na ƙanena ne, shina Zurmi wurin aiki. Ni daga Banga nike, wakilci na zo yi mishi."

Na ɗauka ban ji da kyau ba. Na ce duk wanda ya san wakilci ya zo yi ya ɗaga hannu. Wallahi fiye da rabin ɗakin. Manoma ne, da masu kanti, har da wani ladan. Awa uku ina zuba kamar kanya ga mutanen da ba su taɓa tsayawa gaban inji ba. Raina ya ɓaci, na yi faɗa har muryata ta dushe, su kuwa suna kallona da mamaki. A wurinsu ba ha'inci ba ne. Lebura in ya bar aiki yini guda ba shi da ladan ranar. Kuma babban wa shi ke karɓar wa ƙanensa aure, shi ke zuwa masa gaisuwar rasuwa, shi ke tsaya masa gaban maigari. To don me ba zai saurara masa karatu ba?

Na ja dattijon gefe na tambaye shi aikin ƙanen nasa. Ya ce magidanci ne mai 'ya'ya uku, a kamfanin casar shinkafa yake, kuma duk lokacin da ɓuntu ya toshe inji shi ake turawa cikin ramin ƙasa ya yashe da hannu. A duk kamfanin ba wanda ya fi shi buƙatar wannan darasin. Na hana takardar shaida, amma na ba dattijon kwaɗo, na sa ya maimaita mini ƙa'idar sau uku. Ya maimaita babu kuskure, ya ce a ranar zai hau babur ya kai saƙo.

A nan na yi nawa wautar. Direba ya ce mu juya tsarin, gobe mu fara zuwa Zurmi kafin Shinkafi. Na ce a'a, an riga an tara mana mutane a Shinkafi, kuma ai dattijon ya haddace.

Washegari muka bi ayarin motoci zuwa Shinkafi, don wannan hanyar ba a shigarta kai kaɗai. Mun taki sa'a ranar kasuwa ce. Ga shanu da raguna daga wajen Katuru, ga mutanen Nijar da buhunan kanwa da dabino, ga soyayyen kifi mai yaji da ya sa abokin aikina hawaye yana ci yana ƙari. A kamfanin kuwa na ce ba ni ba ɗaki, a kai ni gindin inji. Ina zuwa na ga hula zanna a rataye a kan makunni. Na tambaya ko ta waye, aka ce mai ita yana ciki yana gyara, hular ce alamar kada a kunna. Na ce to in iska ta kaɗe ta fa, ko wani ya ɗauka ya ajiye masa? Suka yi dariya, suka ce Allah ke tsarewa. Na ce gaskiya ne, amma a fito da shi yanzun nan. Ranar na koyar har la'asar, kowa sai da ya kulle ya buɗe a gabana. Duk da haka hankalina na Zurmi. Na nemi ɗan kwangilar a waya ya fi a ƙirga, babu sabis.

Rana ta uku muka dawo ta wajen Ƙaura muka ɗauki hanyar Zurmi. Ramuka sun cinye kwalta, amma ban ko lura da su sosai ba. Tun daga ƙofar kamfanin na san ba lafiya, don injin casa ba ya shiru da rana tsaka. Leburori na zazzaune a kan buhuna. Kwaɗona na rataye a jikin akwatin makunni, a buɗe.

Helumansu, wato shugaban leburori, shi ya ba ni labari, yana yi yana share fuska. Jiya da azahar janareta ya tsaya, inji kuma ya toshe. Ƙanen dattijon ya garƙame akwatin kamar yadda aka ce masa, sannan ya zo ya rusuna ya miƙa wa heluma mabuɗin da hannu biyu, ya sauka rami. Ana haka mota ta iso da shinkafa, aka kira heluma wajen sauke kaya. Da aka tayar da janareta, aka ce a kunna, ya laluba aljihu ya ji mabuɗi, ya buɗe kwaɗon aka kunna. Ya ce wallahi ya manta sam akwai mutum a ƙasa. Bel ya kama hannun ƙanen na dama.

Mun same shi a asibiti, an naɗe hannun har gwiwa, yatsu huɗu babu. Dattijon na zaune a gefen gado. Ban iya gaishe shi yadda ya kamata ba, na ce, "Baba, ba sau uku ka maimaita mini ba?"

"Na hwaɗa mishi komi, ɗana," ya ce, bai ɗago kai ba. "Abu guda na gyara. Na ga bai kyautu ƙarami shi sa mabuɗi aljihu ba, ga babba tsaye. Sai a ce ba mu yi mishi tarbiyya ba."

Mutumin kirki ne, ya hau babur a wannan hanyar don ya tsare ƙanensa. Mai ciwon kuma ya juyo da ƙyar ya tambaye ni, "Malam, na dai kulle yadda anka ce. Ina na yi kuskure?" Abokin aikina ya fita waje. Ni na tsaya na ce masa Allah ya ba shi lafiya.

Kafin mu bar garin na tara sauran leburorin a bakin ramin nan, da heluma a tsakiyarsu. Shi da kansa ya ce musu duk wanda ya ƙara miƙo masa mabuɗi ya raina shi, ba girmama shi ya yi ba. Maganarsa ta shige su fiye da duk abin da na faɗa a kwana uku.

Mun shigo Gusau kafin magariba. Shekaru ina koyar da ƙa'ida, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko akwai wadda za ta yi karo da ladabin da iyayenmu suka koya mana ba. Yanzu na san sai na gaya wa mutum a fuskarsa, a gaban babbansa, cewa a bakin inji riƙe mabuɗi ba rashin kunya ba ne. Kuma na san tsakanin Ƙaura da Zurmi tafiyar ba ta kai rabin yini ba. Da na bi shawarar direba, da yanzu haka mutumin nan yana cin tuwo da 'ya'yansa da hannunsa na dama.