Keken da Na Kai wa Yayata Bisa Dutse

Mun bar unguwarmu Romi tun gari bai gama wayewa ba, ni da wani tsohon abokina wanda muke zama benci ɗaya a majami'a, cikin motarsa a-kori-kura. A baya mun kwantar da keken a kan katifa, ni kuma na ɗaure shi da hannuna, domin ban yarda da ƙullin kowa ba. Abokina ya leƙa ya ce, "Malam, ko amarya ba a yi mata wannan gatan ba." Na ci gaba da ɗaurina. Mutumin da ke ɗaure ƙofar motarsa da waya ba shi ne zai koya mini adana kaya ba.

Wajibi ne in faɗi dalilin tafiyar kafin in shiga labarin hanya. Yayata, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, tana zaune har yanzu a ƙauyenmu bisa dutse, gaba da Zonkwa. Ranar da za a kai ni makarantar mishan, ita ce ta ɗauko mini akwati a ka har gindin dutsen. Ina kuka, sai ta ce in yi shiru, in na yi karatu zan sayi keke irin na Baturen mishan, mai ƙaho a lanƙwashe, in hau da shi har ƙofar gida ta gani. Na ce mata na yi alkawari. Na girma, na yi aikin duba yadi a wata masaƙa har na yi ritaya, kuma duk tsawon lokacin ina da keke, amma baƙi ne mai nauyi na zuwa aiki, wanda ba ya hawan tudu sai an tura shi. Kowace shekara in na je gida a mota, bayan ta tambayi iyali sai ta ce, "Ina keken?" Mu yi dariya. Da farkon daminar bana aka aiko mini cewa idanunta suna mutuwa, kuma likita ya ce jijiya ce, ba yana ba ce da za a kankare. Saƙonta gajere ne: in ina so ta gan ni a kan keken, in hanzarta.

Washegari na tafi unguwar Makera wurin wani Alhaji mai sayar da kekunan gwanjo. Ga wanda zai sayi keken tsere na farko domin hawan dutse, ga abin da na koya. A fara da nauyi. In ba za ka iya ɗaga shi da hannu ɗaya ba, dutse zai ɗaga maka murya. A duba giyar baya, a tabbata akwai babba mai sauƙin takawa. A tsaya a kansa ƙafafu a ƙasa, a ga ko sandar tsakiya ta bar wa mutum sarari. A juya taya a sa mata ido, a matse birki, a bi kowace mahaɗa da yatsa ko an taɓa yi mata walda. Da wannan ma'auni na ƙi na farko domin tayarsa tana rawa, na ƙi wani domin ya fi ni tsawo, na ƙi wani domin na ji tabon walda a ƙarƙashin fenti. Alhaji ya gaji, ya zauna a kan benci.

"Baba," ya ce, "waɗannan kekunan Bature ne ya hau ya gaji ya yar. Kai kuwa wanda mala'iku suka ƙera kake nema."

"Wanda ba zai kashe ni a gangare ba nake nema, Alhaji."

"To, sai ka jira kayan da ke tafe daga Ikko. Tunda soja sun koma bariki, an ce tashar ruwa ta saki."

Na jira. Kayan suka yi jinkiri, na ci gaba da jira. Da suka iso, a cikinsu na sami wanda ba shi da aibi ko ɗaya, siriri, mara nauyi, sarƙarsa kamar ba a taɓa takawa ba. Sannan na ga bai dace mutum mai shekaruna ya tunkari dutse ba tare da shiri ba, sai na riƙa gwada ƙafafuna kowace safiya a tudun da ke tsakanin Nasarawa da Kudenda, ma'aikata masu tafiya aiki suna yi mini tafi. Ranar da na gamsu da kaina da keken, acca ta riga ta nuna a gonaki.

Hanyar Kaciya ta sauya fuska. Wuraren binciken soja da a da muke fitowa daga mota hannu a sama, yanzu sai buhunan yashi da suka fashe, ciyawa ta tsiro a kansu. Hotunan 'yan takara suna nan a jikin itatuwa, ruwa ya wanke su, wanda ya ci da wanda ya faɗi duk sun koɗe daidai. Ramukan kwalta kam ba su san an yi zaɓe ba. A Kasuwar Magani muka tsaya muka sayi masara gasasshiya. Mai sayarwar ta ƙara kuɗi, da na yi magana ta ce ai yanzu dimokuraɗiyya ce, kowa da ra'ayinsa. A Kaciya ƙamshin citta ya cika motar tun kafin mu ga buhunan. Daga nan ƙasa ta fara ja, duwatsu suka fara leƙowa ta bayan kurmi, mata suna tafe da itace a kafaɗa ba a ka ba, na san na kusa gida. Abokina yana ta surutu a kan sabon gwamna, ni kuwa ban ji rabinsa ba. Ina duban gonakin acca, ina tuna yadda Yaya ke sussuka ta da ƙafa tana waƙa.

A gindin dutsen muka sauke keken. Hanyar hawa ba kwalta, amma an bi ta da gireda, motar gyaran hanya, kwanan nan, ta yi sumul gwargwado. Na sa babbar giya na fara takawa, abokina yana biye da ni a hankali, kansa a waje.

"Malam! In ka faɗi, me zan gaya wa fasto?"

"Ka gaya masa ka cika surutu!"

Ba zan yi ƙarya in ce hawan ya zo da sauƙi ba. Ƙirjina ya yi zafi, gwiwoyina suka yi ta ƙorafi, na tsaya na huta inda hankali ya ce in huta. Amma keken bai ci amanata ba. Na wuce rafin da muke wanka, ya ƙanƙance. Na wuce shingen ƙerana na gidajen da na sani, da yawansu babu hayaƙi, masu su sun sauka birni kamar ni. Duk kwanar da na sha, sai in ji kamar zan tarar da ita tsaye da ƙuruciyarta, akwatina a kanta.

Ban sauka ba sai a ƙofar gida. Tana zaune a kan turmi a gindin mangwaro, fuskarta tana kallon hanya. Na tsaya a gabanta, ƙafa ɗaya a ƙasa, ina haki. Ba ta motsa ba.

"Wane ne ke numfashi kamar jaki?" ta ce da harshenmu.

"Ni ne, Yaya. Na kawo keken."

Ta miƙo hannu, amma ba daidai inda nake ba. Na kama hannun na ɗora a kan ƙahon. Ta bi lanƙwasar da tafinta, ta sauka kan sandar, ta taɓa sirdin, ta matsa tayar da ɗan yatsa. Daga nan ta hau kan hannuna har fuskata.

"Kai da shi duk ba ku cin abinci," ta ce. "Da ka zo lokacin shuka, ɗan mishan, da na ƙirga maka furfura. Yanzu haske da duhu kaɗai suka rage mini. Buga ƙararrawar in ji."

Keken tsere ba ya zuwa da ƙararrawa. Na gaya mata haka. Ta yi dariya har da tari, ta ce wane irin keke ne bebe. Sai na ɗaga tayar baya na juya feda na saki, ta kasa kunne ga ƙaramin kukan giyar har ya mutu. Ta ce in sake. Na sake.

Aka kawo mana tuwon acca da miyar karkashi, abokina ya ci kamar wanda ya yi hawan da ƙafarsa. Da rana ta yi sanyi, Yaya ta ce a juya mata turmin ya fuskanci yamma. Bayan gidan akwai fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse mai faɗi, inda ake shanya hatsi, babu kome a bayansa sai sarari. Ta ce, "Hau can ka wuce tsakanina da rana. In abu ya gitta wa haske, ina ganin inuwarsa."

Na hau fan. Na miƙe bayana kamar yadda Baturen yake yi, na taka a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, rana tana dukan kafaɗata. Na juyo na sake wucewa. Na dube ta, ta sa hannu a goshi, idanunta a buɗe.

"Kin gani, Yaya?"

"Na gani," ta ce. "Sauko haka nan, kada ka faɗi."

Fuskarta tana ɗan karkace daga inda na tsaya. Wataƙila inda na wuce take kallo. Wataƙila kuma ba haka ba ne. Ban sake tambayarta ba.

Mun kwana biyu a can. Da za mu taho ta cika mana mota da acca da gwaza da zuma, ta riƙe hannuna har bakin shinge. Gangaren na sauko shi a mota, keken yana baya. Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta, sai dai an yi ruwa a Kujama, kuma mun shiga Romi fitilun shaguna suna kamawa.

Ga masu tambayata shawara a kan keke, duk abin da na faɗa a sama yana nan daram, ban janye ko ɗaya ba. Keken da aka zaɓa da kula shi ne ya kai ni ƙofar gida lafiya. Abin da zan ƙara guda ne. Kafin ka shiga kasuwa, ka san wanda ke jiranka, ka kuma san abin da jiran yake ci masa. Ni dai kowace yamma, in rana ta sauka bayan rufin maƙwabta, nakan zauna a ƙofar gida in rufe ido rabi, in jira wani ya gitta, ko zan gane iyakar abin da mutum ke iya gani a haka.